Daga Rumfar Albasa Zuwa Kan Dutsen Afadjato

Shekarata 31 ke nan a Ankara, albasa nake saye ina sayarwa. Da can a Agbogbloshie muke, tun 2021 kuma aka mayar da mu Adjen Kotoku. Garinmu na asali yana kusa da Illela, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, in ka hau kan buhu uku sai ka hango ƙauye na gaba. Saboda haka ban tashi da sanin hawan dutse ba, ban kuma taɓa jin sha'awarsa ba. A ganina a lokacin, aikin Turawa ne da waɗanda ba su da bashin da za su biyo.

Bashin ne ma ya fara tona mini asiri. Wata mai gidan abinci ta riƙe mini kuɗin buhu huɗu, na je gidanta, ashe a hawa na uku take. Ko da na isa ƙofarta na kasa yin sallama, sai haki. Matar nan ta kawo mini kujera da ruwa, tana ta yi mini sannu, har na ji kunyar tayar da maganar kuɗin, na sauko hannu rabbana. A cikin watan ne kuma maƙwabcina na rumfa, wanda na girme shi da shekara biyu, ya faɗi bayan la'asar yana cikin ƙirga buhuna. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar bakwai na kai kaina asibiti. Aka auna jinina, 160 bisa 100. Likita ya ce daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in riƙa tafiya da ƙafa. Na ce masa ai ni kullum a kasuwa nake. Ya tambaye ni, a tsaye ko a zaune? Na yi shiru, don gaskiya tun da na samu yaran shago, benci da butar shayi su ne wurin aikina.

Ana cikin haka babban ɗana, mai shekara 19, ya dawo daga wata tafiya da suka yi da 'yan makarantarsu. Ya nuna mini hotonsa a waya, yana tsaye a kan wani dutse, bayansa daji kore shar. Na ce ina ne nan? Ya ce Afadjato, a yankin Bolta, kusa da iyakar Togo. Na ce watarana sai ka kai ni. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ba naku ba ne." Ba da raini ya faɗa ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Zuwan farko

Zan faɗi wannan ne don kada wani ya maimaita. A watan Maris na raka motar kaya zuwa Hohoe. Da muka sauke, na ce wa direba ya jira ni, na hau acaɓa zuwa ƙauyen Liati Wote, inda ake fara hawan. Na isa wajen ƙarfe 12 na rana, cikina cike da shinkafa da wake, ina sanye da doguwar riga da takalmi silifa, da ledar ruwa ɗaya a hannu. Yaron da aka haɗa ni da shi ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in haƙura sai gobe da safe. Na ce masa na ɗauki buhu mai kilo ɗari tun ba a haife shi ba.

Ban yi minti 20 a cikin hawan ba sai na ji ƙasa tana juyawa. Na zauna a kan wata saiwa, idona yana ganin duhu-duhu, zuciyata tana dukan ƙirjina kamar ganga. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, ko mutum ɗaya a gidana bai san inda nake ba. Yaron nan ya sauko da ni a hankali yana riƙe da hannuna. Na koma Ankara na rufe bakina, ko uwargida ban gaya wa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, wannan na san shi tun ina yaro, amma sai a ranar na ji shi a jikina.

Shiri na biyu

Wata takwas bayan haka muka koma, mu bakwai: ni, uwargida, babban ɗana, autarmu mai shekara 13, aminina wanda muke sayen kaya tare, ɗansa, da yaron shagona guda. Ga yadda muka shirya, don duk mai niyya ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Abu na farko, na koma wurin likita na faɗa masa niyyata. Ya sake auna ni, ya ce in jinin ya zauna daidai da magani ba laifi, amma kada in bar shan maganin a ranar hawa. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon suga, asma, ciwon zuciya ko ciwon gwiwa mai tsanani, to daga nan zai fara. Mai juna biyu da ƙananan yara kuma a bar su a gida, ko su tsaya a ƙauye su jira.

Abu na biyu, motsa jiki na sati shida. Sati biyun farko, bayan sallar asuba ni da Hajiya mukan zaga unguwa na minti 30. Sati biyu na gaba muka ƙara da hawa da sauka a gadar masu tafiya a ƙasa da ke kan babban titi, sau biyar, daga baya sau goma. Masu talla suna ta kallonmu, wata ma ta tambayi Hajiya ko wani abu muka yar. Sati biyun ƙarshe, ranar Asabar muka je hanyar Aburi, muka taka daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Duk mazaunin Ankara ya san wurin, da sassafe za ka tarar da jama'a da yawa suna hawa, manya da yara. In ka iya wannan hawan kana hira da na kusa da kai ba tare da numfashinka ya yanke ba, to ka kusa. Aminina sau ɗaya ya zo, ya ce shi jikinsa a murɗe yake tun yana dako.

Abu na uku, lokaci. Kudancin Gana yana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Oktoba. In an yi ruwa hanyar dutsen santsi take yi, saukowa ta zama haɗari. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu kuma hazon hunturu yakan rufe ko'ina, ka sha wahalar hawa ka tarar ba abin da kake gani. Maris zafi. Mu ƙarshen Nuwamba muka zaɓa, ruwa ya ɗauke, daji bai bushe ba, hazo bai yi kauri ba. Kuma kada a sa wannan tafiya cikin azumi.

Abu na huɗu, kaya. Kowa da takalmin kambas mai ƙasan roba mai ƙyaƙƙyarewa, wanda ya riga ya saba da ƙafarsa. Sabon takalmi ranar hawa yana kawo bororo. A yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin tafiya, za ku gode mini wajen saukowa. Maza wando da ƙaramar riga, a bar babbar riga a mota. Hajiya da auta suka sa dogon wando a ƙarƙashin riga mai faɗi da ta tsaya a gwiwa, da gajeren hijabi, don zane yana hana buɗe taku, dogon hijabi kuma reshe yana kama shi. Kowa da jakar goyo, don hannu biyu su zama a sake. A ciki: ruwa lita biyu, wato ledar piya wata huɗu, dabino, gyaɗa, ayaba, hula, da ledar da za a zuba shara. A jakata na ƙara da garin gishiri da sukari na kemis, filasta, bandeji, man zafi da ƙaramar tocila.

Abu na biyar, takardu da kuɗi. Mu baƙi ne, kuma hanyar ta nufi iyaka. Akwai shingen jami'an shige da fice a Asikuma, ana iya tsayar da mota a tambayi kowa shaidarsa. Kowa ya riƙe katinsa ko fasfonsa, har yaran da aka haifa a nan. Kuɗi kuma a riƙe tsaba, ƙanana, don a ƙauye sabis yakan ɗauke, kuɗin waya ya ƙi tafiya. Mun kasa lissafinmu gida biyar: mota, masauki, abinci, kuɗin shiga da na jagora, sai na ko-ta-kwana. Kuɗin shiga yana canjawa, kuma na ɗan ƙasa daban na baƙo daban, saboda haka a buga waya a tambaya kafin a tashi. Rumfa na bar wa ƙanena, na kuma rubuta masa inda za mu kwana da lokacin da ya kamata ya ji daga gare mu. Lambar neman agajin gaggawa a Gana 112 ce, na sa kowa ya haddace.

Na ƙarshe, dokoki uku da muka yi alkawari a kansu a tsakar gidana kafin mu tashi. Mafi rauni shi ne a gaba, kowa ya bi takunsa. Duk wanda ya ji jiri, ciwon ƙirji ko amai, ya gama hawa, kuma ba zai sauko shi kaɗai ba. In ƙarfe 9:30 ta yi ba mu kai sama ba, duk inda muke za mu juyo. Aminina ya ce wannan doka kamar ta shiga soja. Na ce ya dai amsa, ya amsa.

Hanya

Ranar Asabar bayan asuba muka tashi a ƙaramar bas da muka yi shata. Wanda ba zai yi shata ba, akwai motocin Hohoe a tashar Madina da Tudu. Tafiyar ta haura kilomita 200, a ƙiyasta awa huɗu zuwa biyar, gwargwadon halin hanya. Muka bi ta Kpong muka tsaya a Atimpoku, inda mata ke rufe mota da tiren abolo da soyayyun ƙananan kifi. Daga nan muka haye gadar Adomi a kan kogin Bolta, gadar ƙarfe mai baka wadda aka buɗe a 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai. Madatsar Akosombo tana can sama kaɗan. Auta ta manne fuskarta a gilashi har muka wuce.

Daga Asikuma sai ƙasa ta fara tashi. Peki, Kpeve, Have, duwatsu kore a hannun dama, gonakin rogo da ayaba da kwakwar manja a gindinsu. A Golokwati ne hanyar Liati Wote take rabuwa, amma mu muka zarce Hohoe don a can za mu kwana. Hohoe tana da zango, da masallaci, da abincin da ba sai ka yi tambaya a kansa ba. Muka yi azahar da la'asar ƙasaru, muka ci tuwo, muka ɗan miƙe.

Da rana ta yi sanyi muka tafi Wli, kimanin kilomita 20 daga Hohoe, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Ana cewa shi ne mafi tsawo a Gana. Da gangan na sa wannan a gaba, don ya zama gwaji. Tafiyar zuwa mafaɗar ruwa ta ƙasa shimfiɗe take, kamar minti 45 a cikin inuwa, kana haye rafi ɗaya sau da yawa a kan ƙananan gadoji. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugi, sai kuma feshi ya fara jiƙa maka fuska. A jikin dutsen jemagu ne dubbai suke rataye. Hajiya ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce shekara 24 tana ƙasar nan, ba ta san akwai irin wannan ba, ita dai Nima, Makola, asibiti, sai gidan biki. Na ji nauyin maganar, don ni ne ban taɓa kai ta ko'ina ba. Akwai mafaɗar ruwa ta sama, amma hawanta awanni ne kuma mai wuya, ba ta sabon shiga ba ce. Mun bar ta.

Wanda ya ga Wli ta gajiyar da shi sosai, to kada ya hau Afadjato washegari. Ba abin kunya ba ne, ya riga ya ga abin da zai ba da labari.

Hawan

Lahadi muka yi asuba a zango, muka sha koko da ƙosai kaɗan, ba cika ciki ba. Kusan awa guda muka yi zuwa Liati Wote. Akwai ofishin baƙi na mutanen ƙauyen, a nan ake rubuta suna, a biya, a ba ka jagora. Na nemi a ba mu biyu, ko da za mu rabu. Mutanen wurin Ewe ne. In sun ce maka "woezo", sannu da zuwa suke yi maka, kai kuma in za ka gode ka ce "akpe". Jagoranmu ya ce a yarensu "to" shi ne dutse, don haka in mun ce dutsen Afadjato mun faɗi dutse sau biyu. A littattafan makaranta an rubuta tsawonsa mita 885, ana kuma kiransa mafi tsawo a Gana, ko da yake masu awo na zamani sun ce bai kai haka ba. Ko ma nawa ne, irin ciwon nan na ƙarancin iska da ake ji a manyan duwatsu ba ya kama mutum a nan, shi sai an haura wajen mita 2,500. Abin da ke kayar da mutum a Afadjato shi ne miƙewar hawan, da zafi, da gaggawa.

Ƙarfe 7 muka fara. Da farko gonaki ne, itatuwan koko da ayaba, raɓa tana jiƙa ƙafar wando, malam-buɗe-littafi iri-iri suna tashi a gabanmu. Jagora ya sara wa kowa sanda. Sai hanya ta miƙe tsaye. Daga nan ba sauran shimfiɗa, taku ɗaya sama da ɗaya, wani wurin sai ka kama saiwa ko kututture. Muka sa Hajiya a gaba. Takunta gajere, ba ta sauri, ba ta magana. Duk minti goma muna tsayawa minti biyu, kowa ya kurɓi ruwa ko bai ji ƙishirwa ba. Wuri guda muka tarar da jerin kwarkwasa sun ratsa hanya, jagora ya ce a tsallake da sauri kada a tsaya kallo.

Na gane saiwar da na zauna a kai a watan Maris. Na wuce ta ban ce komai ba.

Aminina ya gaji da bin bayan mace, ya ce tafiyar hawainiya muke yi, ya wuce gaba da ɗansa. Na yi masa magana, ya ɗaga mini hannu. Wajen rabin hanya muka iske shi zaune, ya jingina da itace, gumi mai sanyi yana zubo masa, hannunsa yana rawa. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya kasa haɗa magana. Ɗansa ne ya ce mana ya sha maganin suga da asuba amma bai ci komai ba, wai kada ciki ya yi masa nauyi. Hajiya ta ciro dabino ta ba shi, muka jiƙa sukari a ruwa ya sha, muka kwance masa maɓallin wuya, jagora yana yi masa fifita da ganyen ayaba. Minti 15 ɗin nan sun yi mini tsawo ƙwarai. Ina kallonsa ina tuna maƙwabcina na rumfa, ina kuma tunanin me zan gaya wa iyalinsa, tun da ni na kawo shi.

Allah ya taimaka ya dawo hayyacinsa. Yana miƙewa sai ya ce mu ci gaba. Na ce a'a, mun yi alkawari. Ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce, "Alhaji, kada ka kunyata ni a gaban yara. Mace ta hau, ni in koma?"

Ban ga wata hanya ba sai in faɗi nawa. A gaban Hajiya da 'ya'yana da yaron shagona na ba da labarin watan Maris, da silifa da shinkafa da wake da yadda yaro ya riƙo hannuna. Na ce masa ko kwatan inda ya kai ban kai ba. Hajiya ta dube ni, irin kallon da ke nufin za mu yi magana a gida. Babban ɗana ya sunkuyar da kai. Aminina ya yi shiru, can ya yi dariya ya ce ashe tsohon ɗan ajin ne ni. Ya juya da ɗansa da jagora na biyu. Da ban nemi jagora biyu ba, da dukkanmu za mu sauko, kuma da hakan za mu yi.

Sauran hawan ya fi na baya wuya. Cinyoyina suna zafi, ina ƙirga taku ashirin in tsaya. Ban san lokacin da ɗana ya zare jakar daga bayana ya rataya a ƙirjinsa ba. Ƙarfe 8:50 itatuwa suka buɗe, sai ga mu a fili. Hajiya ta riga ni da kusan minti biyar, na tarar da ita zaune a kan dutse tana ɓare ayaba.

Saman ba shi da faɗi sosai. Iska mai sanyi tana kaɗawa. Ƙauyen da muka baro ya koma kamar an watsa akwatunan ashana, rufin kwano yana ƙyalli, hanyar jar ƙasa kamar zare. Ta gabas duwatsu ne jere bayan jere, jagora ya ce waɗancan Togo ne. Ta yamma ya nuna wani fari-fari a nesa ya ce tafkin Bolta ne, ana ganinsa sosai in gari ya yi garau. Na lura da wani dutse a kusa da ya fi namu tsawo a ido, na tambaya, ya ce Aduadu ke nan, ya yi murmushi ya ce amma Afadjato ne mai suna. Auta ta ce, "Baba, ina iyakar take?" Na duba, daji ne kawai ya haɗe da daji. Ni da na ƙarar da rabin rayuwata ina jiran a buga mini hatimi a bakin iyaka, na rasa abin da zan nuna mata.

Mun yi minti 25, muka ɗauki hoto, muka tattara ledojinmu. Na kira aminina, ya ce ya isa ƙasa lafiya, har an ba shi kujera a gindin mangwaro.

Saukowa

Kowa yana shirya wa hawa, amma a saukowa aka fi faɗuwa. Ƙafa ta gaji, gwiwa tana rawa, hankali ya riga ya tafi gida. Jagora ya koya mana: a fara kafa sanda, a juya jiki gefe, a taka gajere, kada a taka busasshen ganye a kan dutse, kuma a bar tazara tsakanin mutum da mutum don in ɗaya ya zame kada ya kwashi na gabansa. Inda ya yi tsanani a zauna a ja gindi, wando ne kawai zai yi datti. Yaron shagona ya ɗauka ya iya, ya fara gudu-gudu, ya zame ya goge gwiwar hannu. Filastar nan ta yi amfani.

Ɗana ya shiga gabana. Duk inda taku ya yi zurfi sai ya tsaya ya ba ni kafaɗa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Sai da muka fito gonakin koko ya ce, "Baba, da ka gaya mini tun wancan karon, ai da na raka ka." Na ce to, yanzu ai ka raka ni. Ƙarfe 10:20 muna ofishin baƙi. Akwai wata mafaɗar ruwa kusa da ƙauyen, Tagbo, tafiyar ƙasa da awa guda, amma muka duba ƙafafunmu muka ce sai wani jiƙon. Muka sallami jagororin da ɗan alheri bayan kuɗin ofis, don sun cancanta. Kafin isha'i muna gida.

Kwana biyu ina sauka daga mota kamar tsoho ɗan tamanin, sujada ma sai da dabara. Ranar Laraba ciwon ya tafi.

Ga na wasu garuruwa

Na san masu karanta mu ba duka ne a Gana ba. Wanda ke Lome, dutsen Agu yana kusa da Kpalime, mita 986, shi ne mafi tsawo a Togo, kuma akwai ƙauyuka a jikinsa, ana iya yin rabi a tsaya. Na Ngaundare dutsenku yana bakin gari, hawan safiya ɗaya ne. Na Gana da ke ganin Afadjato ya yi masa yawa, ya fara da dutsen Gemi a Amedzofe, mota tana kai mutum har cikin garin, abin da ya rage kaɗan ne. Amma dutsen Kamaru da ke Buea ya haura mita 4,000, ana kwana a hanya, ga sanyi mai tsanani, wannan ba wurin koyo ba ne. Duk inda za ku, ku nemi wanda za a hau a sauko kafin azahar, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku kuma tambayi halin tsaro kafin ku sa iyali a mota, musamman wuraren da ke bakin iyaka.

Har yanzu ina shan maganina, dutse bai warkar da ni ba. Amma tafiyar asuba ta zauna mana, ni da Hajiya, kuma awon da aka yi mini na ƙarshe likita ya ce in ci gaba da abin da nake yi. Maganar watan Maris kuwa mun yi ta a gida, na ba da haƙuri, na kuma yi alkawarin ba zan sake zuwa wani wuri ban faɗa ba. Matar nan mai hawa na uku na koma wurinta, na yi sallama da muryata, na karɓo kuɗina cif.

Aminina yanzu shi ke buga mini waya ranar Asabar tun kafin in fito masallaci, yana jirana a Ayi Mensah da dabino a aljihu. Mun sa ranar komawa a Nuwamba mai zuwa, in Allah ya kai mu. Matarsa ma ta ce da ita za a je, Hajiya ta riga ta kai ta kasuwa sun sayo kambas.